Ƙafar Bidi ta Hagu

Ketare, Talata

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Kafin in gaishe ka yadda ya kamata, bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, don in na tsaya gaisuwa kunya za ta hana ni. Ranar da ka kira Baba a waya kana yabon baƙin dokin Kawu Mani, ina bakin murhu ina jin komai. Da ka ce ba ka taɓa hawan doki mai gudu irin Akawal ba, sai na bar tuwo a wuta na zagaya wurin dokinmu Bidi na yi ta kuka. Inna ta tambaye ni, na ce hayaƙi ne. Har na ce a raina Allah ya sa Akawal ɗin ya yi tuntuɓe. Na yi istigfari daga baya, amma dai na faɗa.

To yanzu ina gaisuwa. Ya Sabuwa, ya aikin masara a wurin Kawu? Mu nan lafiya lau. Ciwon bayan Baba ya yi sauƙi, har yana zuwa masussuka. Inna ta ce ka rage shan ruwan sanyi. Na rubuto ne don waya ta Baba ce, kuma ka san shi, yana buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ni ba zan iya magana a haka ba. Ɗanliti direba ya ce zai riƙa kai maka takardata in ya je ɗaukar kaya.

Na ji Baba ya ce sukuwar Yankara saura mako huɗu, kuma an bar maka zaɓi, ko ka hau dokinmu ko ka hau na Kawu. Wata bakwai rabonka da Bidi. Ni nake ba shi harawa, ni nake share turkensa tun da ka tafi. Don haka ka ji yadda ya yi a bana kafin ka yanke.

Ya fita sau uku, duk maƙwabcinmu Malam Muttaka ne a kansa. Na farko a nan Ketare, a bikin gidan Alhaji Uwais. Dawaki takwas, shi ya zo na ɗaya, ya ba na biyu ratar doki biyu. Da idona na gani, don na roƙi Inna ta ɗora min tallar gyaɗa. Ban sayar da ko rabi ba.

Na biyu a Kankara, dawaki goma sha biyu. Ya zo na biyu, da wuya kawai aka wuce shi. Kuma ba laifinsa ba ne. Hular Malam Muttaka ce ta faɗi wurin tashi, ya waiwaya yana kallonta, sai da aka yi nisa ya saki linzami.

Na uku a Mairuwa. Wannan ban je ba, a bayan zana na ji su Baba suna hira. Shi ne a gaba har kwanar ƙarshe, daga nan ya saki, ya zo na huɗu. Amma Yaya, ka san nauyin Malam Muttaka, kuma an ce ya ci tuwo malmala uku a gidan da suka sauka.

In kai ne a kansa babu dokin da zai kama shi a Yankara. Har yanzu in ya ji an yi fito irin naka sai ya ɗaga kunne.

Ka gaida Kawu da Gwaggo. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanwarka,
Safara'u


Sabuwa, Asabar

Zuwa ga ƙanwata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni ina kan buhuna, na karanta ina dariya har Kawu ya ce ko aljanu ne. Ashe ke da ba kya iya haɗa ido da baƙo, bakinki a alƙalami yake. Ina lafiya, kowa lafiya. Na ji daɗin labarin bayan Baba. Ki ce wa Inna na ji, na rage.

Tun da kin ba ni labarin naku, ga na nan. Akawal shekararsa huɗu. Ya fita sau biyu a nan Sabuwa, duk ya zo na ɗaya, kuma ni ne a kansa. Ƙirjinsa faɗi ne da shi, in ya miƙe ba ka jin ƙafarsa a ƙasa. Aibinsa ɗaya, yana tsoron ganga. In makaɗa suka matso wurin tashi sai ya yi ta juyi, kafin in daidaita shi an tafi. Mansura 'yar Kawu ce ke kula da cinsa. Ta iya ƙwarai, kamar ke. Ba ya karɓar dusa a hannun kowa sai nata, in ya ji takunta tun daga soro yake haniniya.

Maganar Mairuwa ce ta tsaya min. Na san Bidi, ba ya saki a kwana don nauyin mutum. Ya ɗauki Baba da kansa ya ci a Kankara shekara uku da suka wuce. Ina so ki yi min abu ɗaya. In Malam Muttaka ya dawo da shi daga kilisa, kafin ya huce, ki shafa ƙafafunsa na gaba daga gwiwa zuwa kofato, ta baya inda jijiya take. Ki ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi ko kumburi. Filin Yankara a wannan lokaci ya bushe kamar daɓe. Doki mai ciwon jijiya in ya faɗi a can, da shi da mahayin sai dai Allah.

Kuma kada ki sa abin a ranki da yawa. Bidi shekararsa tara, ya yi nasa.

Mansura ta ƙwace biro, ta ce sai ta rubuta nata. Ga shi:

Ke Safara'u baiwata, ina gaisuwa. An ce kina da wani tsohon jaki mai furfura da kike kira doki. Ki kawo shi Sabuwa ya riƙa ɗauko wa Akawal ruwa, zan ba shi ƙaiƙayi. Uwar ɗakinki, Mansura.

Kin san wasan taubasai, ki rama.

Yayanki,
Yahuza


Ketare, Laraba

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan da ka koma. Mu lafiya. An gama yankan dawa. Akuyar Inna ta haifi biyu.

Na karanta takardarka sau biyar. Na ga inda ka ce Bidi ya yi nasa. Haka ake cewa tsohuwar tabarma in za a shimfiɗa wa kaji. Na kuma ga inda ka ce Mansura ta iya kamar ni. Ni shekara shida ina bin ka wurin turke, tun ina riƙe maka bokiti. Shi ya taka min yatsa har farce ya fita ban gaya wa Inna ba don kada a hana ni zuwa. Ita yaushe aka sayo musu dokin? Ko shekara ba a yi ba.

Ka ce Akawal ya ci sau biyu. Su wa ya ci? Na tambayi Ɗanliti, ya ce a sukuwar Sabuwa dawaki biyar ne, biyu ma na ɗaukar amarya ne, ba su san gudu ba. A Yankara za a zo daga Faskari da Funtuwa da Bakori. Kuma a Yankara makaɗa a bakin wurin tashi suke tsayawa, kowa ya sani. Dokin da ke rawa in ya ji ganga, sai dai a kai shi gidan biki. Bidi kuwa ko a kunnensa aka buga kalangu ba ya motsi. Ya yi gudu a filin Yankara sau huɗu, ya san inda ramin yake, ya san kwanar tsamiya. Akawal bai taɓa taka wurin ba.

Maganar ƙafa da ka ce, na shafa. Duk biyun sanyi ƙalau, babu kumburi. Yana cin abincinsa tas, gashinsa yana sheƙi. Jiya Malam Muttaka ya sake shi a hanyar gona, ya dawo yana cewa da ƙyar ya tsayar da shi.

Ka gaya wa Mansura na ga saƙonta. Ban iya wasa a takarda ba. Ka ce mata dai furfurar Bidi launinsa ne, da ita aka haife shi.

In ka riga ka zaɓi nasu, ka faɗa min kawai. Ba sai ka laɓe da maganar ƙafa ba.

Ƙanwarka,
Safara'u


Ketare, Juma'a

Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan kowa lafiya.

Yau kwana tara da na aika maka takarda. Kullum in na ji ƙarar mota sai in leƙa ta katanga. Ɗanliti bai zo ba, kai ma ba ka aiko kowa ba. Ran Litinin ka kira Baba, ina tsaye da kwano a hannu, ka tambayi farashin taki ka kashe. Ko sunan Bidi ba ka ambata ba, balle nawa.

Na gane. Ina jin yanzu kuna can kai da Mansura kuna wanke Akawal kuna karanta takardata kuna dariya. Ka ce na sa ka dariya a kan buhuna. Ban rubuta don dariya ba.

Wannan zan ba wani mai kai tumatir Yankara, ya ce zai ba 'yan Sabuwa. In ta ɓace ma shi ke nan.

Safara'u


Sabuwa, Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, da fatan ku ma haka. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso ni. Motar Ɗanliti ce ta lalace a Faskari, ta yi mako a gareji da takardarki a aljihun gabanta. Ran da na kira Baba ban ga ko ɗaya ba, kuma ina tsakiyar mutane. Ki daina saurin yanke wa mutum hukunci.

Babu wanda ya karanta takardarki sai ni. Da na ce Bidi ya yi nasa, nufina ko bai ƙara fita ba babu mai raina shi. Mansura kuwa tana ta tambaya ko kin yi fushi, ta ce ita ta saba in ta tsokane ki ki ɓuya bayan Inna, ba ta san abin zai yi miki zafi ba.

Yanzu ga magana. Abin da kika faɗa a kan Akawal gaskiya ne. Na gwada shi ran Alhamis, na sa wani makaɗi ya tsaya kusa, sai da ya kusa kayar da ni. Ana iya gyara shi, in aka toshe masa kunne da auduga yana raguwa, amma ban gama yarda da shi ba. Abin da ya hana ni Bidi dama ƙafa ce. Tun da kin shafa kin ce sanyi ƙalau, magana ta ƙare. Ke ba ki taɓa yi min ƙarya a kan doki ba, kuma hannunki ya fi na Malam Muttaka ji.

Bidi zan hau. Na gaya wa Kawu, bai ji daɗi ba amma ya ce dokin ubana ne. Mansura ta ƙi cin tuwo. Na kira Baba ɗazu na gaya masa, na ce ke kika shaida min lafiyar dokin. Malam Muttaka zai jawo shi Yankara ran Juma'a, ni zan same su can, Asabar a yi.

Ga yadda zan yi. Zan bar su su gaji a miƙe, in mun zo kwanar tsamiya in kwantar da shi hagu sosai in shige ta ciki. A nan ake cin Yankara. Duk nauyinmu a ƙafar hagu zai sauka, shi ya sa na dame ki da tambaya.

Kin ci, sarkin kishi. Ki share hawaye.

Yayanki,
Yahuza


Ketare, Alhamis

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kawu da Gwaggo da Mansura. Jikin kowa lafiya a nan, amma gidan babu daɗi. Na san kafin wannan ta iso ka Baba ya riga ya kira ka ya ce Bidi ba zai zo Yankara ba, kuma ni ce sanadi. Abin da ya gaya maka gaskiya ne, sai dai bai san dalili ba.

Yaya, ƙarya na yi maka. Ka ce in shafa ƙafar in ya dawo daga kilisa. Na shafa. Ta hagu tana zafi kamar gefen tukunya, kuma jijiyar ta baya, sama da kofato kaɗan, ta fi ta dama kauri. In ya tsaya ba ya taka ta sosai, yana ɗora ta a kan bakin kofato. Ba ranar na fara gani ba. Tun da ya dawo daga Mairuwa nake gani. Kullum in Malam Muttaka ya ɗaure shi ya tafi, sai in jiƙa tsumma da ruwan randa in naɗe masa, in ta canzawa har ta huce. Da safe sai ta koma kamar lafiyayya. Sanyin da na gaya maka na safe ne. Na san ba shi ka tambaya ba.

Na yi ta gaya wa kaina cewa gajiya ce. Gaskiyar ita ce ba na so ka hau dokin da ke yi wa Mansura haniniya.

Da takardarka ta zo na ga ka ce kin ci, na yi murna har na yi rawa a madafi. Sai na koma na karanta wurin kwanar tsamiya. Na ajiye takardar, na kasa cin abinci.

Ran Talata da safe na samu Baba a zaure. Ka san ban taɓa fara yi masa magana ba. Na durƙusa na daɗe, har ya ce, "Ke lafiya?" Na ce ƙafar Bidi ba ta da lafiya. Ya tashi ya je ya shafa, ya sa Malam Muttaka ya ja shi ya kai ya komo. Babu komai, don na naɗe ta jiyan. Ya ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika sani ga doki? Ba ke kika shaida ma Yahuza lafiya tai ba?" Malam Muttaka ya ce, "Bar ta, Malam, ba ta son a raba ta da mijinta ne kwana biyu." Suka yi dariya. Na ce a sake dubawa da yamma. Baba ya ce babu sauran kilisa sai ranar, kuma ya riga ya gaya wa duk majalisa cewa ɗansa da dokinsa za su Yankara. Da zan ce masa ni na ɓoye ciwon wata guda, bakina ya ƙi buɗewa.

Na nemi Ɗanliti, aka ce sai Alhamis. Na ɗauki wayar Baba sau biyu da ya shiga wanka, ban san yadda ake buɗe ta ba.

Jiya da hantsi Baba ya tafi masussuka. Na ɗauko jar kanwa a ɗakin Inna na daka, na kwaɓa da dusar gero, na dunƙula na ɗura masa kamar yadda kake yi bayan damina. Awon da ka saba na ba shi, ban ƙara ko kaɗan ba. Kai ka koya min cewa dokin da aka ba kanwa cikinsa yana sakewa, ya yi ta shan ruwa, kuma ba a sukuwa da shi sai ya yi mako. Wannan ko Baba ba zai musa ba. Na bar turmin a gefen turke don a gani.

Baba ya dawo ya tarar yana shan bokiti na uku. Ya kalli turmin ya ce, "Wa ya ba shi kanwa?" Na ce ni ce. Ya ce, "Kin manta Asabar sukuwa?" Na sunkuyar da kai. Bai doke ni ba. Ya ce daga yau kada ƙafata ta ƙara taka wurin turke, Malam Muttaka zai riƙa ba shi abinci. Ni da ya doke ni ya fi min.

Ka hau Akawal. Ka sa masa audugar tun kafin ku shiga fili, kada ka bari sai ya ji ganga. Ramin yana dama da tsamiya in kun fito kwana, ka kauce masa da wuri tun da shi bai san wurin ba. Ina ganin in ya tashi lafiya zai shiga cikin ukun farko. Ban ce zan ji daɗi ba in Mansura ta yi guɗa, amma ka ce mata ta ci tuwonta.

In an gama, ka biyo ta gida ko na yini ɗaya ne. Babu mai naɗe ƙafar yanzu. Ka ɗan zagaya da shi ka shafa a gaban Baba, kai zai saurare ka. In ka ce ba za ka ƙara yarda da maganata a kan doki ba, ban ga laifinka ba.

Ɗazu Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Je ki ce mashi mantuwa ce, ki ba shi haƙuri. Kin san shi, kafin la'asar ya huce ya mayar da ke wurin dokinki." Ina jin Bidi yana ta kiran abinci, Malam Muttaka bai zo ba har yanzu. Na je na durƙusa na ba Baba haƙuri. Ya zuba min ido yana jira in ƙarasa. Ban ce mantuwa ce ba, kuma ba zan ce ba.

Ƙanwarka,
Safara'u